Soothe: Yadda Gaskatawa Ta Rikiɗe Ta Koma Rarrashi

A Turancin yau, *soothe* kalma ce ta kwantar da abin da ya tashi. Jariri yana tsala kuka, uwa ta saɓa shi a kafaɗa tana jijjigawa har ya yi shiru. Maƙogwaro yana zafi, an sha ruwan ɗumi da zuma ya lafa. Mutum ya fusata, an yi masa magana mai taushi har ya huce. Rana ta ƙona fata, an shafa mata abu mai sanyi. Duk waɗannan da kalma ɗaya Bature yake faɗarsu. Mu kuwa rarraba su muke yi: jariri rarrashinsa ake yi, ciwo lafawa yake yi, mai fushi ba shi baki ake yi, mai fargaba a kwantar masa da hankali. Daga wannan aikatau aka sami siffar *soothing*, wadda ake liƙa wa murya, da kiɗa, da ruwan wanka, da man shafawa.

Abin da ya ja ni ga kalmar shi ne asalinta ba shi da haɗi da sanyi, ko taushi, ko barci. Asalinta gaskiya. Shekaru dubu da suka wuce, wanda ya furta kakar wannan kalma a Ingila yana nufin ya tabbatar da cewa wata magana gaskiya ce. Daga can zuwa jijjiga jariri tafiya ce mai nisa, kuma ba a tsalle ɗaya aka yi ta ba. Akwai zango a tsakiya, kuma a ganina ƙurar wannan zangon har yau tana jikin kalmar.

Kafin a shiga tarihi, akwai abu biyu da mai amfani da ita ya kamata ya riƙe. Na farko rubutu da furuci. Akwai *sooth*, akwai *soothe*, kuma wasalin ƙarshen nan ba ado ba ne. Ta farko suna ce, tsohuwa ce da ta kusa bacewa, tana ƙarewa da sauti irin na harafin Larabci ث. Ta biyu aikatau ce, tana ƙarewa da sauti irin na ذ. Haka Turanci yake yi da *breath* da *breathe*, numfashi da numfasawa, da *bath* da *bathe*, da *cloth* da *clothe*. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuyar bambanta sautukan biyu ba.

Na biyu ya fi muhimmanci. *Soothe* ba ta ɗauki alkawarin warkarwa ba. Tana magana ne a kan yadda mutum yake ji, ba a kan abin da ya jawo jin ba. Bature zai ce abu kaza ya yi *soothe* ɗin ciwon haƙorinsa alhali ramin da ke cikin haƙorin yana nan daram. Don warkarwa yana da *cure* da *heal*. Ko a cikin maƙwabtanta na kusa tana da nata gurbin: *comfort* ta fito daga Latin da ma'anar ƙarfafa mutum, *appease* tana ɗauke da warin ba da kai ga mai barazana don a zauna lafiya, *calm* kuma ana faɗarta ga teku da iska kamar yadda ake faɗarta ga mutum. *Soothe* ta fi son taɓawa a hankali da maimaitawa, shafa, jijjiga, murya ƙasa-ƙasa. Masu sayar da kayan shafe-shafe sun san wannan iyaka sarai. A dokar Amurka ta 1938 kan abinci da magunguna da kayan kwalliya, abin da ya yi iƙirarin yana maganin cuta ana ɗaukarsa magani, da dukan ƙa'idojin da ke kan magani, shi kuwa kayan kwalliya ba ya jiran amincewar hukuma kafin ya shiga kasuwa. Kalmar da ke sa mai saye ya ji kamar magani ne, ba tare da ta ce magani ba ne, kalma ce mai daraja ga ɗan kasuwa. Duk mai fassara takardar jikin kwalba zuwa Hausa, idan ya mayar da ita “yana warkarwa”, ya ƙara wa kamfani alkawarin da kamfanin bai yi ba.

A Tsohon Turanci, harshen da ƙabilun Angil da Sakson suka shigo da shi tsibirin Birtaniya tun ƙarni na 5, kalmar ita ce *sōð*. Tana aiki a matsayin suna, gaskiya, tana kuma aiki a matsayin siffa, na gaskiya. Ba kalmar gefe ba ce, ita ce kalmar gaskiya ta yau da kullum. A fassarar Linjila da aka yi da karin harshen Sakson ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 10, addu'ar da Kiristoci ke kira Addu'ar Ubangiji ba da “amin” ta ƙare ba. Mai fassarar ya sa *sōþlice*, wato “haƙiƙa” ko “da gaske”. Nauyin kalmar ke nan a lokacin: ita ake hatimce addu'a da ita. Daga wannan suna aka ƙera aikatau *sōðian*, kamar yadda muka ƙera “gaskata” daga “gaskiya”. Mai shaida a gaban shari'a, ko rubutun da ya zo ya tabbatar da wani rubutu, aikin da yake yi ke nan.

Idan aka ƙara tonawa ƙasa, kalmar tana da dangi a wurare masu nisa. A da akwai harafin n a cikinta. Turanci da wasu 'yan uwansa na gaɓar Tekun Arewa sun zubar da n idan ta zo kafin irin wannan sauti, suka ja wasalin da ke gabanta. Shi ya sa Bature ke cewa *tooth* inda mutumin Holan ke cewa *tand*, yana cewa *mouth* inda Bajamushe ke cewa *Mund*, yana cewa *goose* inda Bajamushe ke cewa *Gans*. Mutanen arewacin Turai ba su zubar da tasu ba, har yau *sann* na nufin na gaskiya a Suwidin da Norwe. Saiwar gaba ɗaya kuwa tana komawa ga tsohuwar aikatau ta kasancewa a dangin harsunan Indiya da Turai, wadda ta haifi *is* ta Turanci da *est* ta Latin da *asti* ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Ma'anar farko ita ce “abin da yake akwai”. A Sanskirit *sat* shi ne abin da yake, *satya* kuma gaskiya, kuma ita ce rabin farko na *satyagraha*, sunan da Gandhi ya ba salon gwagwarmayarsa tun yana Afirka ta Kudu. Kalmar da ke jikin kwalbar man jarirai da kalmar da ta girgiza mulkin Ingila a Indiya saiwarsu ɗaya.

To me ya sami *sooth* har ta bar wa wata kalma kujerarta? Wata ce ta ture ta a hankali. *True* da *truth* a Tsohon Turanci ba gaskiyar magana suke nufi ba, amana suke nufi, riƙon alkawari, tsayawa ga ubangida ko aboki. Ragowar wannan ma'ana tana cikin *betroth*, baiko. A zamanin Turanci na Tsakiya, musamman ƙarni na 14, kalmar amana ta faɗaɗa ta fara ɗaukar ma'anar dacewar magana da abin da ya faru. *Sooth* ta yi ta ja da baya, zuwa tsakiyar ƙarni na 17 ta zama kalmar tsofaffi da mawaƙa. Ta bar 'ya'ya biyu da ake iya ganewa, kuma duka biyun sun lalace ta fuska ɗaya. *Soothsayer* a ƙarni na 14 mai faɗin gaskiya ne, yau boka ne ko ɗan duba. *Forsooth* tana nufin “da gaske”, amma ta koma kalmar da ake faɗa da gatse, idan ana so a nuna ba a yarda ba.

Wannan ja da baya yana da tasiri a kan aikatau ɗin. Muddin mutane suna jin *sooth* a bakinsu kullum da ma'anar gaskiya, *soothe* tana ɗaure da uwarta, ba za ta yi nisa ba. Da uwar ta tsufa ta bar kasuwa, 'yar ta sami sakewa.

Zangon tsakiya ya faɗo a ƙarni na 16. A wannan lokaci ma'anar ta zame daga “tabbatar da cewa magana gaskiya ce” zuwa “cewa magana gaskiya ce”, daga nan kuma zuwa “cewa maganar wane gaskiya ce don a faranta masa”. Tazarar da ke tsakanin ta farko da ta biyu siririya ce, amma a cikinta komai ya juya. Ta farko tana buƙatar hujja. Ta biyu baki kawai take buƙata.

Akwai wasan kwaikwayo na barkwanci da Nicholas Udall, wanda ya taɓa zama shugaban makarantar Eton, ya rubuta wajen 1553, mai suna *Ralph Roister Doister*. A cikinsa akwai wani mayaudari, Merrygreek, wanda ba shi da sana'a sai bin gidajen masu hali yana cin tuwonsu. Tun a buɗe wasan ya bayyana wa 'yan kallo dabararsa a kan ubangidansa, wani wawa mai cika baki: duk abin da ya faɗa, kowane iri ne, dole in yi *sooth* ɗinsa, domin abin da ya faɗa ko ya aikata ba ya zama kuskure. Idan ya ce e, e ne, idan ya ce a'a, a'a ne. Mu da muka san 'yan amshin Shata ba ma buƙatar dogon bayani. Ingilar wancan zamani ƙasa ce da arzikin mutum ya rataya ga samun shiga wurin babba, daga fadar sarauniya har gidan ɗan ƙaramin mai gari, saboda haka sana'ar cewa “gaskiyarka” tana da kasuwa, kuma tana buƙatar suna. A wani wasan Shakespeare, jarumin yaƙi Hotspur yana cewa shi bai iya fadanci ba, yana ƙin harsunan *soothers*. A bakinsa kalmar zagi ce.

Wurin da na fi ganin kalmar tana juyawa a idon mutum shi ne wata fitowa a cikin *The Comedy of Errors* na Shakespeare, wanda aka nuna a Landan a watan Disamba na 1594. Labarin tagwaye ne biyu masu suna ɗaya, Antipholus, da bayinsu su ma tagwaye masu suna ɗaya, Dromio. An raba su tun suna jarirai. Ɗaya ya girma a birnin Afisa ya yi aure, ɗayan ya zo birnin baƙo. Matar na Afisa, Adriana, ta ga baƙon a titi ta ɗauka mijinta ne, ta ja shi gida cin abinci ta sa aka kulle ƙofa. Mijin na gaske ya iso da baƙinsa, ya buga ya buga, aka zage shi daga ciki aka kore shi daga gidansa.

Daga baya, da ya yi ta faɗa yana cewa an hana shi shiga, matar ta yanke cewa ya haukace, ta ɗauko wani malamin makaranta mai ikirarin fitar da aljanu, Pinch. A gaban jama'a ta ce masa, ai a gida ka ci abinci. Ya juya ga bawansa ya tambaye shi. Bawan ya amsa da cewa *sooth to say*, wato in faɗi gaskiya, ba a gida ka ci ba. Ba a kulle mini ƙofa ba? An kulle. Ita da kanta ba ta zage ni ba? Ta zage ka. Kuyangar kicin ba ta yi mini ba'a ba? Ta yi. Ban tafi cikin fushi ba? Ka tafi, ƙasusuwana shaida ne. Kowace amsa bawan yana buɗe ta da wata kalmar rantsuwa daban. Nan Adriana ta juya ga Pinch ta tambaye shi ko daidai ne a riƙa yi masa *soothe* a kan waɗannan maganganu da suka saɓa wa abin da ya faru. Pinch ya ce ba laifi, yaron ya gano lagonsa ne, bin sa da yake yi shi zai lallaɓa haukar.

A duba abin da ke faruwa a nan. Bawan gaskiya yake faɗa. Yana wurin, shi ma an kulle shi a waje, ya sha duka a kai. Abin da yake yi shi ne ainihin tsohuwar ma'anar, shaida yake bayarwa. Matar kuwa, da kalma ɗaya, tana fassara aikinsa da ma'ana ta biyu, tana ganin biye wa mahaukaci yake yi. Pinch kuma ya riga ya leƙa ma'ana ta uku, wadda ba ta gama haihuwa ba: a biye masa don ya lafa. Ma'anoni uku a cikin 'yan layuka, kuma wanda ke da gaskiya shi aka ɗaure aka kai ɗaki mai duhu tare da bawansa. 'Yan kallo suna dariya domin sun san abin da matar ba ta sani ba, amma fitowar tana nuna wani abu mai nauyi. Daga waje ba a iya bambanta mai gaskata ka don kana da gaskiya da mai gaskata ka don ka yi shiru. Kalmominsu iri ɗaya ne.

Daga nan sauran tafiyar gajeriya ce. Mutumin da aka ce masa “gaskiyarka” yakan sauko. Muryarsa ta yi ƙasa, kafaɗunsa su saki. Mutane suka daina kallon abin da mai magana ya yi, suka koma kallon abin da ya sami mai sauraro, sai sakamakon ya ƙwace sunan aikin. Da hakan ta faru, ba a ƙara buƙatar magana ba sam. Duk abin da ke saukar da mutum ya cancanci kalmar, ko da ba shi da baki.

Shekarar 1697 ta ba da shaidu biyu. William Congreve ya buɗe wasansa *The Mourning Bride* da layin da ya zama karin magana a Turanci, cewa kiɗa yana da asirin da zai yi *sooth* ɗin ƙirji mai tsaurin hali, ya tausasa duwatsu, ya tanƙwara itacen da ya murɗe. Kiɗa ba ya gaskata kowa, ba ya fadanci, saboda haka ma'anar nan sabuwa ce fil. Masu ɗauko layin sukan manta cewa gimbiyar da ta faɗe shi ta ci gaba da cewa ita kam kiɗan bai taɓa baƙin cikinta ba. A shekarar dai John Dryden ya rubuta waƙa a kan liyafar Iskandar Mai Girma bayan ya ci Farisa, inda makaɗinsa ke juya zuciyarsa yadda ya so. A can an ce sautin ya yi *soothe* ɗin sarki, sai girman kai ya kama shi, ya shiga sake yaƙe-yaƙensa da baki. Wannan ba kwantar da hankali ba ne, zuga ce. Shekara ɗaya, marubuta biyu, ɗaya ya tsallaka, ɗaya ƙafarsa guda tana tsohon zango.

Ina zaton sautin kalmar ma ya taimaka. Dogon wasali ne da baƙaƙe masu laushi, kuma tana rera amo ɗaya da *smooth*, sumul. Kunne ya riga ya ba ta ma'anar taushi kafin ƙamus ya yarda. Ƙamus kuwa ya daɗe bai yarda ba. Samuel Johnson a 1755 ya sa fadanci a ma'ana ta farko, kwantarwa ta biyu. Noah Webster a Amurka, a 1828, haka ya jera su. A cikin ƙarni na 18 ne kalmar ta shiga bakin masu jinya, ana faɗarta ga raɗaɗi da kumburi da tari, kuma daga ɗakin jinya ta faɗa hannun 'yan kasuwa.

A nan labarin ya daina zama na nahawu kawai.

A shekarun 1840, a garin Bangor na jihar Maine a Amurka, wasu masu sayar da magani biyu, Jeremiah Curtis da Benjamin Perkins, suka fara sayar da wani ruwan magani mai zaƙi da suka kira Mrs. Winslow's Soothing Syrup. Sunan na Charlotte Winslow ne, surukar Curtis, wadda aka ce ta daɗe tana jinyar yara. An yi shi ne don jariran da ke fitar da haƙori. Tallansa ya cika jaridun Amurka da Birtaniya shekara da shekaru, da katunan hoto masu launi, da kalanda, da ƙananan littattafan girki da ake rabawa kyauta. Hoton kusan kullum ɗaya ne: uwa cikin fararen kaya, yara masu kumatu a jikinta, kowa cikin natsuwa. Tallan yana tambayar uwa ko kukan yaro mai ciwon haƙori yana hana ta barci, sannan ya ce ta je ta sayi kwalba nan take. Yana kwantar da yaro, yana tausasa dasashi, yana kashe duk wani raɗaɗi, yana fitar da iska, yana daidaita ciki, kuma babu kamarsa ga zawo. Kwalba senti 25. An ruwaito cewa a 1868 Curtis ya faɗa a gaban kotu yana sayar da kwalba sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara.

Abin da ke cikin kwalbar, wanda takardar jikinta ba ta faɗa ba, shi ne mofin da barasa a cikin ruwan sukari. Mofin shi ne sinadarin da Bajamushe Friedrich Sertürner ya tace daga ƙwayar ofiyom a farkon ƙarni na 19, ya raɗa masa suna daga Morpheus, gunkin mafarki na Girkawa. Adadin da aka fi ambata a wannan magani shi ne miligiram 65 a kowane oza, wato a cikin kimanin mililita 30.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawancin abin da tallan ya faɗa yana faruwa. Yaro yana yin shiru. Raɗaɗi yana tafiya. Zawo yana tsayawa, domin mofin yana ɗaure hanji. Uwar da ta ba da cokali ɗaya ta ga aiki da idonta cikin ɗan lokaci, ta gaya wa maƙwabciyarta. Amma mofin yana danne sashen ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da numfashi, kuma hantar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da shi da sauri ba. Tazarar da ke tsakanin abin da zai sa shi barci da abin da zai hana shi farkawa ƙarama ce ƙwarai, ga shi ana aunawa da cokalin gida, cikin dare, a hannun wadda ta gaji. Yaron da ya tsira daga wannan kuma yana fuskantar wani. Mai barci ba ya neman nono, sai ya rame. Jikinsa ya saba da maganin, idan ya sake shi sai kuka ya dawo fiye da na da, sai a ƙara masa. Ciwon da ya sa shi kukan tun farko kuwa yana nan yana cin sa ba mai ji.

Ba adalci ba ne a ɗora wa iyayen laifi. Likitocin zamanin kansu sun ɗauki fitar haƙori cuta mai kisa. A 1839 an rubuta mutuwar yara 5,016 a Ingila da Wales da sunan haƙori. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne haƙori yana fitowa ne wajen wata shida, daidai lokacin da kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa take raguwa, aka fara ba shi abinci da ruwa da madarar shanu, ya fara kai komai baki. Zawo da zazzaɓin da ke biyo baya na ƙwayoyin cuta ne, haƙorin dai ya zo a lokaci ɗaya da su. Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, har gobe ana jin “ai haƙori ne” a kan yaron da zawo ke neman ƙarar da ruwan jikinsa. A garuruwan masaƙu na Ingila kuma akwai wani dalilin. Uwa tana fita aiki tun asuba, ta bar jariri wurin mai reno da ke riƙe da yara da yawa, kuma kwalbar da ke sa su yin shiru ta fi komai arha. Tun kafin na Winslow akwai irinsa a can, kamar Godfrey's Cordial, ofiyom a cikin ruwan rake mai kauri.

A kan irin wannan kwalba aka rubuta *soothing*, kuma a nan nake ganin zangon tsakiya ya sake fitowa fili. Kukan jariri magana ce, ita kaɗai yake da ita, yana cewa akwai abin da ke damuna. Tsohuwar ma'anar kalmar za ta sa a bincika a tabbatar. Maganin kuwa aikin Merrygreek ya yi, a gefe biyu. Ya rufe bakin yaron ba tare da ya taɓa damuwarsa ba, ya kuma gaya wa uwar abin da take son ji, cewa ɗanta ya sami sauƙi kuma ita ta yi abin da ya dace. Da an rubuta “mai sa barci” a jikin kwalbar, wasu iyaye da sun tsaya sun yi tunani. Da an rubuta “mai warkarwa”, da an sami abin da za a kama kamfanin da shi. Kalmar da aka zaɓa tana tsakanin biyun, tana da ɗumin hannun uwa, kuma ba ta yi alkawarin da za a ce ta karya ba.

An ɗauki fiye da rabin ƙarni kafin hukumar Amurka ta motsa. A 1905 ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya yi jerin rahotanni a mujallar Collier's yana tona asirin magungunan da ake sayarwa ba tare da bayyana abin da ke cikinsu ba. Harvey Wiley, babban masanin sinadarai na ma'aikatar gona, ya daɗe yana wannan faɗa daga cikin gwamnati. Ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magunguna. Dokar ba ta hana sa mofin ba, ta dai tilasta a rubuta shi a jikin kwalba, shi da barasa da ofiyom da hodar iblis da wasu sinadarai masu haɗari. A 1911 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar da littafi a kan magungunan bogi, ta sa na Winslow a sashen da ta kira masu kashe jarirai. A 1912 majalisa ta yi wa dokar gyara don ta hukunta iƙirarin warkarwa na ƙarya da aka yi da niyyar zamba, a 1914 kuma dokar Harrison ta sa wa cinikin ofiyom da danginsa takunkumi.

Kalmar kanta ba ta sha wani dukan da ya daɗe ba. Ta ci gaba da rayuwarta a ɗakin reno, har a Kanada da Ailan *soother* ya zama sunan robar nan da ake sa wa jariri a baki ya tsotsa, wadda Amurkawa ke kira *pacifier*, Ingilishi kuma *dummy*. Sunan da Hotspur ya zagi fadawa da shi ke nan.

Maganin kuwa ya sauya jiki ya ci gaba. Kamfanin da ya gaje shi, Anglo-American Drug Company, ya cire mofin. Tallansa na shekarun 1920 yana jera abin da ke ciki, ganyen sena, dangin filasko, da wasu saiwoyi da man tsirrai masu saukar da iska, yana kuma tabbatar wa iyaye da manyan baƙaƙe cewa babu kayan maye, babu barasa. Ya koma maganin wankin ciki na yara. A waɗannan tallace-tallace sunansa Mrs. Winslow's Syrup kawai, an cire *Soothing* daga tsakiya, kuma an ci gaba da sayar da shi har wajen 1930.